Me ya sa pfSense ba ta aiko mini da saƙon gargaɗi ta imel?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da katangar tsaro (firewall) ta pfSense, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfutocinmu da intanet, a ofishinmu, da layukan intanet biyu a kanta: na faiba, da na rauta mai layin waya wanda muka ajiye don ko-ta-kwana. Na saita ta ta riƙa turo mini gargaɗi ta Gmail. Wani lokaci in na danna maɓallin gwaji sai ta ce ta kasa aikawa. Wani lokaci gwajin ya iso lafiya, amma ranar da layi ya faɗi ban ga komai a akwatina ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ce ka kawo a ƙunshi ɗaya, kuma ba magani ɗaya ne ke warkar da su ba. Ta farko ita ce na'urar ta kasa miƙa saƙo ga sabar imel, wato kwamfutar Google da ke karɓar saƙo ta isar da shi. Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce hanyar aikawa lafiya lau take, amma gargaɗin ko dai ba a haife shi ba tun farko, ko kuwa an haife shi a daidai lokacin da babu hanyar fita. Mu fara da ta farko, don sai gwaji yana isowa kullum ba fashi sannan bin ta biyun zai yi amfani.

Kafin komai, ka shiga System > Advanced > Notifications, ka cike gurabun, ka danna Save, sannan ka danna Test SMTP Settings. Wannan jerin yana da muhimmanci. Mutane da yawa sukan canza kalmar sirri su danna gwaji kai tsaye, alhali na'urar tana gwadawa ne da abin da aka riga aka adana. Sai mutum ya yi ta canje-canje yana zaton babu wanda ya yi aiki, bai sani ba tsohon saitin yake ta gwadawa.

In gwajin ya faɗi, kada ka fara taɓa komai sai ka karanta abin da ta ce. Saƙon kuskuren yana fitowa a saman shafin, yana kuma nan a Status > System Logs > System > General, inda za ka ga layi mai farawa da "Could not send the message to". Abin da ya biyo bayan wannan layin shi ne taswirarka. Saƙo yana bin matakai biyar ne kafin ya iso gare ka: a gano adireshin sabar daga sunanta, a ƙwanƙwasa ƙofarta, a ƙulla rufaffiyar magana ta TLS, a shiga da suna da kalmar sirri, sannan a isar. Kowane mataki da irin kukansa. Wanda ya tsallake karatun kuskuren ya tafi canza kalmar sirri, kamar mai ciwon ciki ne da ya tafi neman maganin ido.

Matakin suna, wato DNS mai fassara suna zuwa lambar adireshi, ba ya cin lokaci. Je ka Diagnostics > DNS Lookup ka rubuta smtp.gmail.com. In adireshi ya fito, wuce gaba. In bai fito ba, ka sani kwamfutocin ofis na iya samun intanet sarai alhali ita katangar kanta ba ta iya fassara suna, domin nata saitin daban ne, yana System > General Setup. Ka tabbata akwai sabar DNS a can, kuma Unbound, wato DNS Resolver, tana aiki.

Ƙofa kuwa, ga abin da Gmail ke karɓa: 465 ko 587. Ƙofa ta 25 ka manta da ita. Ita ce ta tsakanin saba da saba, kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta don daƙile masu watsa saƙonnin banza, kuma ko ta buɗe, adireshin layin waya ko na gida yana cikin jerin waɗanda manyan sabobi ba sa karɓar imel kai tsaye daga gare su. Don gwada ƙofa, yi amfani da Diagnostics > Test Port: sa sunan sabar, sa 587, ka yi alama a akwatin Remote text. In hanya a buɗe take za ka ga gaisuwar sabar, layi mai farawa da 220. A kan 465 ba za ka ga gaisuwar ba ko da komai lafiya, domin can ɓoye magana ake fara yi kafin a ce uffan. Nasarar haɗuwa kawai za ta nuna maka. Tun da layi biyu gare ka, sauya Source Address ka gwada kowane layi shi kaɗai. Wannan kaɗai na iya bayyana dalilin da gwajinka ke yi yau ya ƙi gobe: wataƙila layi ɗaya ne ke barin ƙofar, ɗayan yana toshewa.

Ka kuma bambance kuskure biyu da ke kama da juna. "Connection refused" na nufin ka isa gidan, an ce maka ƙofar nan ba a shiga ta nan, wato lambar ƙofa ko sunan saba ne ba daidai ba. "Operation timed out" na nufin ka yi ta sallama ba wanda ya amsa, wani abu a hanya yana haɗiye fakitin, wato ɗan ƙunshin bayanin da aka aika. A nan ka duba abu uku. Dokokin da ka rubuta a shafin LAN, wato na kwamfutocin cikin ofis, ba su shafi abin da katangar ke aikawa da kanta ba, amma dokokin Floating masu toshe fita suna shafarsa. In kana da pfBlockerNG, ƙarin manhajar da ke toshe jerin adireshi, kuma ka toshe fita zuwa wasu ƙasashe, duba ko ta haɗa da adireshin Google. Na uku shi ne IPv6, sabon tsarin lambar adireshi da ke aiki tare da tsohon, IPv4: sunan smtp.gmail.com yana da adireshin IPv6, kuma in na'urarka ta samu irin wannan adireshin daga rauta amma hanyarsa ba ta kai ko'ina, sai ta tsaya jira har daƙiƙa 20 na saitin asali su ƙare. Maganinsa yana System > Advanced > Networking, akwatin da ke cewa a fifita IPv4.

Yanzu sai TLS, inda aka fi yin tuntuɓe. Akwatin Enable SMTP over SSL/TLS na ƙofa 465 ne. In ka zaɓi 587, bar shi babu alama, domin a 587 ana fara gaisawa ne a fili, sannan a ɗaga maganar zuwa ɓoyayya da umarnin STARTTLS, kuma na'urar tana yin hakan da kanta. In ka haɗa 587 da alamar nan, kai kana magana a ɓoye, sabar tana jiran gaisuwa a fili, ba mai fahimtar wani. Ni 465 da alama nake ba da shawara ga Gmail, don ba shi da kwana-kwana.

Akwai wani abu a matakin nan da ya fi addabar mu a nan fiye da wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, wato agogo. Yawancin pfSense da ke ofisoshinmu tsohuwar kwamfutar tebur ce aka ƙara wa katin sadarwa. A kan allonta akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe lokaci in an kashe ta. In ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta har UPS, batirin da ke riƙe mata wuta, ya ƙare, na'urar takan tashi da kwanan watan shekarun baya. Takardar shaidar da sabar Google ke nunawa tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma a idon na'urar da ke zaton ana shekara goma baya, takardar ba ta ma fara aiki ba. Sai ta ƙi yarda da ita. Abin bai tsaya nan ba: in ka kunna DNSSEC, wato tantance sa hannun da ke kan amsoshin DNS, a Unbound, sa hannun da take tantancewa shi ma yana da wa'adi, don haka fassarar suna na iya tsayawa, ita kuma sabar lokaci da suna ake kiranta. Agogo na jiran DNS, DNS na jiran agogo. In ka lura gwajinka ya fi faɗuwa da safe bayan an kwana ba wuta, to nan za ka fara dubawa. Rubuta `date` a Diagnostics > Command Prompt, ka leƙa Status > NTP, ka tabbata yankin lokaci Africa/Lagos ne ko Africa/Niamey. Canza batirin, ba shi da tsada. Sannan a cikin sabobin lokaci ka ƙara guda ɗaya da lambar adireshinta maimakon suna, misali 162.159.200.1 ta Cloudflare, don agogo ya iya gyaruwa ko DNS ba ta tashi ba.

Za ka ga masu cewa a cire alamar Validate SSL/TLS kowa ya huta. Don gano cuta na minti biyu, babu laifi: in ka cire gwaji ya wuce, ka san matsalar takardar shaida ce. Amma kada ka bar ta a cire. Ta wannan hanyar kalmar sirrin akwatinka ke bi, kuma katangar da ba ta tantance wanda take miƙa wa sirri ba ta ci sunanta ba. Haka kuma kada ka sa lambar adireshin sabar a gurbin sunanta, don takardar da suna aka rubuta ta, ba za su dace ba. In kana son ganin abin da idonka, shiga na'urar daga wata kwamfuta ta SSH, zaɓi lamba 8 don samun wurin rubuta umarni, ka rubuta:

`openssl s_client -connect smtp.gmail.com:465 </dev/null`

ko, ga ɗaya ƙofar:

`openssl s_client -starttls smtp -connect smtp.gmail.com:587 </dev/null`

A ƙasa ka nemi "Verify return code: 0". Duk wata lamba ban da sifili tana zuwa da dalilinta a rubuce.

In ka ga lambar kuskure mai farawa da 535 ko 534, yi hamdala, domin suna, ƙofa da TLS duk sun wuce. A bakin shiga aka tare ka. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ta daina barin na'urori irin wannan su shiga akwatin Gmail na kowa-da-kowa da kalmar sirrin da kake shiga da ita a waya. "535-5.7.8 Username and Password not accepted" da "534-5.7.9 Application-specific password required" duk abu ɗaya suke gaya maka. Sai ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, sannan ka ƙirƙiri abin da suke kira App Password, kalmar sirri ta musamman mai haruffa 16. Google tana nuna ta kashi huɗu da tazara a tsakani. Ka shigar da ita a haɗe ba tazara. Sunan shiga cikakken adireshin ne har da @gmail.com. Hanyar tantancewa PLAIN ko LOGIN, Gmail na karɓar duka biyun. Ga kuma tarkon da ke kama mutane bayan watanni: ranar da aka canza babbar kalmar sirrin asusun, Google tana soke duk waɗannan na musamman. Gargaɗi ya mutu shiru, kuma babu wanda zai gaya maka, tun da mai gaya makan ne ya mutu.

Saboda haka ka buɗe wa na'urar akwatinta na kanta, kada ka yi amfani da naka ko na shugaban ofis. Dalili na biyu ma ya fi ƙarfi: kalmar tana zaune a cikin fayil ɗin config.xml a yanayin da za a iya karanta ta, kuma duk wanda ya samu kwafin ajiyar saitinka da ba a kulle ba ya same ta.

In wata rana kuka koma Microsoft 365, sabar ita ce smtp.office365.com a ƙofa 587, kuma kuskuren "535 5.7.139" yana nufin an kashe SMTP AUTH, wato shiga da suna da kalmar sirri don aika imel, ga akwatin ko ga kamfanin gaba ɗaya, sai mai kula da asusun ya buɗe. Microsoft ta sanar cewa za ta rufe wannan tsohuwar hanyar shiga, don haka ban ba ka shawarar gina sabon abu a kanta ba.

Mataki na ƙarshe: rajista, wato System Logs, ta ce "Message sent to ... OK" amma akwati wayam. Daga nan saƙon ya bar hannun katangar. Duba Spam, ka kuma duba Sent na akwatin da ke aikawa. In yana can, Google ta karɓa. Gurbin From ya zama adireshin da ka shiga da shi. In kana aikawa da sunan yankin kamfaninku ta wata saba, ka sani tun Fabrairu 2024 Gmail na buƙatar kowane mai aikawa ya kasance da SPF ko DKIM, hanyoyin da ke tabbatar da cewa saƙon daga yankin yake da gaske, in babu sai ta mayar da saƙon da lambar 5.7.26.

To, mu dawo kan rabin tambayarka na biyu, wanda shi ne ya fi damuna. Gwaji ya iso, layi ya faɗi, shiru.

Fara da abu mafi sauƙi. A saman sashen imel na shafin Notifications akwai akwatin Disable SMTP Notifications. Maɓallin gwaji yana aikawa ko da an yi masa alama. Wato kana iya samun gwaji sau goma alhali gargaɗin gaske a kashe yake.

Sannan ka tambayi kanka: shin na'urar ta ma san layin ya faɗi? pfSense tana sa ido kan kowane layi da wata 'yar manhaja mai suna dpinger, wadda ke aika ƙwanƙwasa duk rabin daƙiƙa zuwa wani adireshi. In ba ka ba ta adireshi ba, mashigar layin kanta, wato gateway, take ƙwanƙwasawa. A layinka na waya, mashigar ita ce rautar da ke ajiye a kan teburi, tsawon waya ɗaya daga katangar. Data ya ƙare, ko sabis ya ɗauke a unguwar gaba ɗaya, rautar tana nan da fitilunta tana amsawa cikin ƙiftawar ido. A wurin pfSense layin kore ne shar. Ba ta ga faɗuwa ba, ba ta sauya layi ba, ba ta da abin da za ta faɗa maka. Haka abin yake a faiba in akwatin kamfanin shi ke riƙe da haɗin. Gyaran yana System > Routing > Gateways: buɗe kowane layi, a gurbin Monitor IP sa adireshin da ke can cikin intanet, kowane layi da nasa daban, misali 8.8.4.4 ga ɗaya, 1.0.0.1 ga ɗayan. Amma ka kula: duk adireshin da ka sa a nan, na'urar tana ɗaure hanyarsa ga wannan layin kaɗai. In ka sa 8.8.8.8 a matsayin abin sa ido na faiba, kuma shi ne kaɗai DNS ɗin katangar, to ranar da faiba ta faɗi DNS ya tafi da ita, saƙon kuma ba zai gano smtp.gmail.com ba ko da layi na biyu yana aiki.

Na gaba, saƙon faɗuwar layi da kake jira, mai cewa "omitting from routing group", yana fitowa ne ga layukan da ke cikin rukuni. Ka haɗa su a System > Routing > Gateway Groups, faiba a Tier 1, na waya a Tier 2. Kuma kada ka tsaya a sa rukunin cikin dokar LAN kawai. Wannan yana sauya wa ma'aikata layi, amma abin da katangar ke aikawa da kanta yana bin Default gateway IPv4 ne. In wannan gurbin yana kan faiba, ma'aikata za su ci gaba da aikinsu ta layi na biyu, ita kuwa tana ta ƙoƙarin tura maka labarin mutuwar faiba ta cikin faibar da ta mutu. Sa rukunin a gurbin nan. A ganina wannan da batun Monitor IP su ne suka fi kama da abin da ka kwatanta.

Akwai kuma akasin shiru, wato ambaliya, kuma ita ma tana ƙarewa ne a shiru. Ma'aunin asali yana ɗaukar layi a matsayin mara lafiya in jinkiri ya kai milisakan 500 ko asarar fakiti ta kai kashi 20 cikin ɗari. Layin waya da yamma, lokacin da kowa ya hau, yana tsallake waɗannan ya dawo sau da dama. Kowane hawa da sauka saƙo ne. Asusun Gmail na kyauta yana da iyakar saƙo 500 a rana, kuma tun kafin a kai nan mai karɓa ya gaji ya daina buɗewa, ko ya tura su Spam da hannunsa. Ga layin waya, ɗaga ma'aunin jinkirin a sashen Advanced na mashigar, ka sa Trigger Level na rukunin a Member Down ko Packet Loss maimakon wanda ya haɗa da jinkiri.

Ka san kuma abin da na'urar ke aikowa da wanda ba ta aikowa, don kada ka zauna jiran baƙon da ba a gayyata ba. Tana faɗin kammala tashi bayan kunnawa, sauyin layi a rukuni, sabunta Dynamic DNS (sunan da ke bin adireshinka in ya canza), sauyin CARP (wato ɗaya ta karɓi aikin ɗaya) in na'ura biyu ne, da takardar shaida da ta kusa ƙarewa, wanda take fara tunatarwa saura kwana 27. Ba ta aiko imel a kan kowane fakiti da ta toshe. In kana son labarin manhajar da ta tsaya, sa Service Watchdog ka kunna mata sanarwa. Rahoton kullum, mailreport. Labarin ɗaukewar wuta, NUT ko apcupsd tare da UPS mai wayar USB. Rahoton kullum ɗin nan ina son sa ƙwarai, ko da ba ka karanta abin da ke ciki: ranar da bai iso da ƙarfe bakwai ba, ka san hanyar aikawa ta lalace tun kafin ranar buƙata.

Saura abu ɗaya da babu saitin da zai gyara shi. In wuta ta ɗauke gaba ɗaya, ko layukan biyu suka faɗi tare, katangar ba ta da bakin magana. Telegram da Pushover da ke shafin Notifications suna da amfani a matsayin hanya ta biyu in imel ya sami matsala, amma su ma intanet ɗin suke bi. Dole wani daga waje ya lura da shirun. Layukan waya galibi suna bayan CGNAT, wato mutane da yawa na raba adireshi ɗaya, ba a iya ƙwanƙwaso su daga waje, don haka sai a juya abin: katangar ce za ta riƙa yin sallama. Buɗe asusu a sabis irin Healthchecks.io, za su ba ka adireshi na musamman. Sa kunshin Cron, mai gudanar da umarni a kan lokaci, ka ƙara aiki duk minti 5:

`/usr/bin/fetch -q -o /dev/null adireshin-da-aka-ba-ka`

Ka ba shi rangwamen minti 10. In sallamar ta yanke, su ne za su aiko maka, daga sabarsu da ba ta dogara da wutar ofishinku ba. Akwatin da ke karɓar gargaɗin kuma ya zama wanda kake gani a wayarka da datarka, ba wanda sai kana cikin ofis ba.

Bayan ka gama duk wannan, yi gwajin gaske, bayan an tashi aiki. Kada ka zare wayar da ke tsakanin katangar da akwatin faiba, don wannan faɗuwa ce mai sauƙin ganewa. Zare igiyar faibar da ke shigowa akwatin daga waje, a hankali kada ka lanƙwasa ta, ka bar akwatin a kunne. Buɗe Status > Gateways ka zuba ido: asarar fakiti za ta fara hawa, cikin kamar minti ɗaya layin ya koma ja. Duba rajista ka ga layin MONITOR, sannan "Message sent", sannan wayarka. Mayar da igiyar ka jira saƙon dawowa. Sai ka maimaita da layi na biyu ta hanyar zare SIM daga rautar. In a wani mataki abin ya tsaya, kwafo layukan rajistar na wannan mintin, ka goge adireshin imel da ke ciki, ka turo mu duba tare.